BABI NA TARA: KAYAN ZAƘI DA MAƘULASHE A AL'ADAR HAUSAWA (NAZARI DAGA ƘASAR KABO DA GWARZO)

9.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta abincin da ake ci don maganin yunwa da wanda ake ci don marmari. Tuwo da fura da dambu su ne na maganin yunwa. Alkaki da nakiya da dakuwa da alewa kuwa su ne na marmari. Saboda ƙarancin wurin da suke ci a ciki, akan ɗauke su a matsayin abin wasan yara, ba a cika tsayawa a nazarce su ba. Sai dai idan aka lura, za a ga cewa kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da labari iri uku: inda aka samo zaƙinsa, da mutanen da aka koye shi daga gare su, da kuma aikin da yake yi a zamantakewa. Wannan babi zai bi diddigin waɗannan abubuwa uku, tare da kafa hujja da abin da ake gani a ƙasar Kabo da Gwarzo ta Jihar Kano.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar kayan zaƙi da maƙulashe;
(b) kawo matakan tarihi da suka bi;
(c) rarraba su gwargwadon abin da aka yi su da shi da kuma amfaninsu;
(d) bayyana yadda ake sarrafa uku daga cikinsu;
(e) tattauna matsayinsu a al'ada da ƙalubalen da suke fuskanta.

9.2 Ma'anar Kayan Zaƙi da Maƙulashe

Maƙulashe shi ne duk wani abu ɗan kaɗan da ake ci don jin daɗin baki, ba don ƙoshi ba. Akan haɗa kalmar da takwararta a ce "kayan ƙwalam da maƙulashe". Wannan suna ya tattara masu zaƙi da marasa zaƙi, domin ƙuli-ƙuli da kilishi da soyayyar fara duk maƙulashe ne. Kayan zaƙi kuwa su ne rukunin maƙulashen da zuma ko sukari ko wani abu mai zaƙi ya rinjayi ɗanɗanonsu. Ke nan duk kayan zaƙi maƙulashe ne, amma ba duk maƙulashe ne kayan zaƙi ba. Wannan babi ya taƙaita ne a kan masu zaƙin.

9.3 Muhallin Nazari

Kabo da Gwarzo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano. Babbar hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo da Gwarzo, ta nufi Dayi a Jihar Katsina, ita ce ta haɗa su da birni. Daga cikin garuruwan Kabo akwai Garo da Durun da Gude da Godiya, na Gwarzo kuwa akwai Getso da Kutama da Lakwaya. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutanen Kabo sun haura 150,000, na Gwarzo kuma sun haura 180,000, kuma akasarinsu manoma ne.

Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, ya tara kusan duk abin da ake bukata. Ana noma dawa da gero da masara da gyaɗa a tudu, shinkafa da rake kuma a fadama. Akwai madatsun ruwa irin na Guzuguzu, da na Challawa da ke maƙwabciyarsu Ƙaraye wanda aka kammala a 1992, waɗanda suka ba da damar noman rani. Fulani makiyaya suna samar da nono da man shanu. Sukari da fulawa da madarar gari kuwa 'yan tireda kan saro su daga birni, musamman daga kasuwar Singa. Saboda haka a yanki ɗaya ana iya ganin tsohon salo da sabon salo suna tafiya tare.

9.4 Matakan Tarihi

Ana iya kasa tarihin kayan zaƙin Hausawa zuwa matakai uku.

9.4.1 Zamanin Zuma da Maɗi

Kafin sukari ya wadata, Bahaushe yana samun zaƙi ne daga muhallinsa. Na farko shi ne zuma, wadda ake samu ta hanyar ɗaura amya a kan bishiya. Sai rake da takanɗa, da 'ya'yan itatuwa irin su ɗinya da kanya da magarya da goruba da garin ɗorawa. Daga ɗinya ake jiƙo a tace a dafa har ruwan ya yi kauri ya zama maɗi, idan aka ci gaba da dafawa kuma ya ƙara ɗanko a sami alewar maɗi. Dabino kuwa fatake ne ke kawo shi daga garuruwan Sahara. A wannan mataki zaƙi abu ne na lokaci, sai kaka ta yi ko 'ya'yan itace sun nuna. Wannan ne ya sa ya yi daraja, har ya zama abin da ake karrama baƙo da shi.

9.4.2 Zamanin Cuɗanya da Larabawa

Mataki na biyu ya zo ne ta hanyar cinikin Sahara. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya kafa kasuwar Kurmi, Kano take karɓar baƙi daga Arewacin Afirka, daga baya kuma Larabawan Turabulus da Gadamas suka zauna a cikin birni da iyalansu. Harshe ya adana shaidar wannan cuɗanya. Kalmar "alewa" daga "halwa" ta Larabci aka aro ta, "alkaki" daga "al-ka'ak", "alkama" daga "al-ƙamh", "sukari" daga "sukkar", "gurasa" kuma daga "ƙursa". Haka nan dubulan ya yi kama da "dibla" ta mutanen Libiya a suna da siffa, domin ita ma siririn kwaɓi ce da ake naɗewa a soya a tsoma a ruwan sukari.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya lissafa sukarin Faransa cikin kayan Turai da ya tarar a kasuwa. Abin da ya ƙetaro hamada a kan raƙumi ba zai yi araha ba. Alkama ita ma a 'yan ƙananan lambuna ake noma ta da rani. Don haka alkaki da dubulan suka fara a matsayin abincin gidan sarauta da na attajirai, sannan a hankali suka fita zuwa garuruwan karkara ta hanyar auratayya da fatauci.

Irin wannan aro bai keɓanta ga Hausawa ba. A ƙasar Tailan da ke kudu maso gabashin Asiya akwai kayan zaƙi da ake yi da gwaiduwar ƙwai da ruwan sukari, irin su "foi thong" da "thong yip", waɗanda ake kaiwa wajen biki saboda launinsu na zinariya. Asalinsu daga Fotugal ne, kuma ana danganta shigarsu ƙasar da wata mata mai suna Maria Guyomar de Pinha, wadda ta zauna a birnin Ayutthaya zamanin Sarki Narai (1656–1688). A yau mutanen ƙasar suna kallon su a matsayin nasu na gado, kamar yadda Bakano yake kallon alkaki. Darasin da ke nan shi ne, abin aro yakan zama na gargajiya idan al'umma ta ba shi aiki a cikin bukukuwanta.

9.4.3 Zamanin Turawa Zuwa Yau

Isowar layin dogo Kano a 1911 ta juya akalar ciniki daga hamada zuwa bakin teku, sai sukari da fulawa suka fara sauƙi. A zamanin ne kuma sana'ar mazarƙwaila ta bunƙasa, musamman a ƙasar Zazzau wajejen Maƙarfi, inda doki kan juya injin matsar rake, a dafa ruwan ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Bayan samun mulkin kai aka fara yin sukari a Bacita a 1964, daga baya a Numan, sannan matatar Dangote ta Legas ta fara aiki a shekarar 2000. Wadatar sukari da madarar gari ta haifar da sabon zubi na maƙulashe: tuwon madara da gullisuwa da iloka da kwakumeti. Cincin ya shigo daga kudancin Nijeriya, sunan fanke kuma daga Ingilishi aka aro shi. Hatta sunan "hallaka-kwabo" hujja ce ta tarihi, domin ba zai yiwu a raɗa shi ba kafin kwabo ya maye gurbin wuri a hannun yara.

9.5 Rabe-Raben Kayan Zaƙi

Ta fuskar abin da aka yi su da shi, ana iya kasa su huɗu:

(a) Na hatsi: alkaki (alkama), nakiya (shinkafa), dubulan da cincin da fanke (fulawa).
(b) Na 'ya'yan maiƙo: kantun riɗi, hallaka-kwabo (gyaɗa), dakuwa (aya, ko gyaɗa da soyayyen garin hatsi), kwakumeti (kwakwa).
(c) Na madara: tuwon madara, gullisuwa, iloka.
(d) Na zallar zaƙi: alewa, mazarƙwaila, maɗi.

Ta fuskar amfani kuwa sun kasu biyu. Akwai na hidima, wato waɗanda ake yi da yawa don biki ko suna ko salla, kamar alkaki da nakiya da dubulan. Akwai kuma na talla, waɗanda ake yi kullum a sayar ɗai-ɗai a ƙofar makaranta da tasha da kasuwa. Rabon aikin ma a bayyane yake. Na hidima da akasarin na talla sana'ar mata ce a cikin gida, yara ke fitar da su. Jan alewa da dafa mazarƙwaila kuwa sun fi zama aikin maza, saboda ƙarfin da suke bukata.

9.6 Yadda Ake Sarrafa Wasu Daga Ciki

9.6.1 Alkaki

Ana wanke alkama a shanya, sannan a ɓarza ta, wato a niƙa ba tare da ta yi laushi kamar fulawa ba. Sai a murje ɓarzajjen garin da mai, a kwaɓa da nono mai tsami ko yis, a rufe a bar shi ya kwana ya tashi. Kashegari a sa ɗan ruwan kanwa don ya rage tsami ya kuma yi taushi, a ci gaba da murzawa har ya haɗe jikinsa. Daga nan a riƙa gutsura ana mulmulawa kamar igiya, ana naɗewa, ana soyawa a mai mai yawa. Wuta ba ta son yawa, domin idan ta yi yawa baya zai ƙone alhali ciki bai soyu ba. Da an tsame, sai a tsoma shi da zafinsa cikin zuma, ko dafaffen ruwan sukari da aka sa wa tsamiya ko lemon tsami. Amfanin tsamin shi ne hana sukarin komawa ƙanƙara idan ya huce. Gwanar alkaki ana gane ta ne idan aka ɓantara aka ga zaƙin ya ratsa har tsakiya, kuma bai dagargaje ba.

9.6.2 Nakiya

Ana wanke shinkafar tuwo a bar ta ta tsane, a niƙa ko a daka, a soya garin a busasshen kasko har ya yi ƙamshi. Wasu kuma sukan fara soya tsabar kafin su niƙa. Sai a haɗa garin da dakakken kayan yaji, wato citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A zuba zuma ko dafaffen sukari tare da soyayyen man shanu, a mayar turmi a yi ta kirɓawa har ta haɗe ta yi santsi, sannan a cura. Kirɓin shi ne wahalar aikin, shi ya sa mata kan taru su yi shi gayya idan biki ya matso.

Nakiya da alkaki suna iya yin watanni ba su lalace ba. Dalili kuwa shi ne suya ta kore ruwan da ke cikinsu, sukari ko zuma kuma sun riƙe ɗan abin da ya rage, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba su sami damshin da za su rayu ba. Wannan ne ya sa nakiya ta zama guzurin fatake da mahajjata, ya kuma sa su biyun suka dace da gara, wadda ake so ta daɗe a ɗakin amarya.

9.6.3 Alewa

Ana dafa sukari da ruwa da ɗan tsami har ya yi ɗanko. Mai alewa yakan gwada ta hanyar ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. Idan ya dunƙule ya yi tauri, to ya isa. Sai a juye a kan faranti mai mai ya ɗan huce, a rataya curin a jikin turke ko ƙugiya, a riƙa ja ana ninkawa. Kowane ja yana shigar da iska cikin curin, ita ce ke juya launinsa daga ruwan zuma zuwa fari, ta kuma sa ya yi garas-garas a baki. Daga nan a miƙar a yayyanka tun bai sandare ba.

9.7 Matsayinsu a Al'ada

Babban fagen da kayan zaƙi suke taka rawa shi ne gara. Gara ita ce kayan abincin da iyayen amarya suke kaiwa gidan miji bayan tarewa, akan kuma sake kai wata idan ta koma ɗakinta bayan wankan haihuwar fari. Ta ƙunshi hatsi da mai da kayan miya, amma abin da idon jama'a ya fi sauka a kai shi ne kwallaye da fantekun alkaki da nakiya da dubulan da cincin. Ba ango da amarya kaɗai ke cin su ba. Dangin miji ne suke karɓa su rarraba gida-gida ga 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki, kuma wanda aka manta da shi yakan riƙe abin a zuci. Ta haka ɗan curin nakiya yake zama sanarwa cewa aure ya tabbata, ya kuma zama shaidar cewa amarya 'yar dangi ce, tana da gata.

Bayan gara, ana yin su a ranar suna da bikin saukar Alƙur'ani da naɗin sarauta da sallah ƙarama da babba. Akan ba mai jego nakiya saboda kayan yajin da ke cikinta, akan kuma riƙa su a matsayin tsaraba idan za a gaida surukai ko malami.

Ta fuskar tattalin arziki, sana'ar ta ba matan kulle hanyar samun abin kansu ba tare da sun fita ba. Masaniyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta jawo hankali a 1969 ga girman irin wannan ciniki na cikin gida da ba a ganinsa a kasuwa. Da ribar tuwon madara da kantu mata da yawa suke zubin adashi, su yi biki, su tara kayan ɗakin 'ya'yansu.

9.8 Kayan Zaƙi a Harshen Hausa

Sunayen maƙulashe fage ne mai kyau na nazarin ƙirar kalma. Wasu an raɗa su ta hanyar kamance: tuwon madara saboda yadda ake tuƙa shi, carbin malam saboda jeruwarsa kamar 'ya'yan carbi, hanjin ligidi saboda tsawo da sirantaka. Wasu kuma harɗaɗɗun sunaye ne na aikatau da karɓau, kamar hallaka-kwabo, wanda ke ɗauke da barkwanci a kan yadda yake cinye kuɗin yaro.

Zaƙi ya shiga karin magana da salon magana. Ana cewa "ba a shan zuma sai an sha harbi" don nuna cewa daɗi yana bayan wahala, da "kwaɗayi mabuɗin wahala" don gargaɗi. Idan aka yi wa mutum alkawari mai jan rai, sai a ce an lasa masa zuma a baki. Haka nan ana cewa mawaƙi yana da zaƙin murya. Abin lura shi ne, Bahaushe bai cika ambaton zaƙi ba tare da ya raɓa masa gargaɗi ba.

9.9 Ƙalubale

Na farko shi ne ɓacewar ilimin hannu. Alkaki da nakiya ba a rubuce ake koyon su ba, a gindin turmi yarinya take koya daga kakarta ko gwaggonta. Yanzu gidaje da yawa sukan ba da kwangila ga mace ɗaya gwana a gari, ko su cike gurbin da cincin da biskit da alewar kanti. Idan irin wannan gwana ta rasu ba ta koya wa kowa ba, to awonta da dabararta sun tafi tare da ita. Alewar maɗi ma ta yi ƙaranci saboda saran itatuwan ɗinya.

Na biyu shi ne nauyin gara. Abin da aka faro don taimaka wa sababbin ma'aurata ya koma gasa a wurare da dama, har uba ya sayar da dabba ko ya ci bashi don gudun gori, amarya kuma ta fuskanci wulaƙanci idan aka raina abin da aka kawo. Malamai suna yawan tunatarwa cewa ciyarwa haƙƙi ne a kan miji, gara kuwa al'ada ce ta kyautatawa, ba sharaɗin aure ba.

Na uku shi ne lafiya. A da zaƙi na lokaci ne, yanzu kuwa ya zama na kullum. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma, ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abincinsa a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga baligi. Yawansa yana jawo ruɓewar haƙori da ƙiba, kuma haɗari ne ga mai ciwon sukari. Haka nan gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, bai kamata a yi dakuwa ko hallaka-kwabo da ita ba. Barin kayan talla a buɗe ga ƙura da ƙuda shi ma abin gyara ne.

Na huɗu shi ne talla, wadda takan hana yara mata zuwa makaranta. Ƙulla kaya a leda ko roba mai murfi a ajiye a shagunan unguwa hanya ce da wasu mata suka kama, wadda ta tsare ciniki ta kuma bar yarinya a aji.

9.10 Kammalawa

An ga yadda kayan zaƙin Hausawa suka taso daga zuma da maɗi, suka ƙaru da abin da Larabawa suka kawo, suka kuma yawaita bayan sukari ya yi araha. An ga cewa sunayensu suna adana tarihin cuɗanya, hanyoyin sarrafa su suna da hikimar da kimiyya ta tabbatar, aikinsu a gara kuma ya shafi mutuncin iyali da zumunci. Nauyin da ke kan ɗalibin Hausa, wanda gobe shi ne malami a Kabo ko Garo ko Getso, shi ne ya rubuta wannan ilimi daga bakin masu shi tun suna raye, ya kuma koya wa yara bambance abin da ya cancanci riƙewa a al'ada da abin da ya cancanci gyara.

9.11 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin maƙulashe da kayan zaƙi tare da misalai uku-uku.
2. Kawo kalmomi huɗu na kayan zaƙi ko mahaɗansu da aka aro daga Larabci, sannan ka bayyana abin da suke nunawa a tarihin Kano.
3. Me ya sa alkaki da nakiya suke daɗewa ba su lalace ba? Yaya wannan ya shafi matsayinsu a gara?
4. Bayyana amfanin tsami a dafa ruwan sukari, da amfanin ja a sana'ar alewa.
5. "Gara kyautatawa ce da ta zama nauyi." Tattauna.

9.12 Aikin Fili

Kowane ɗalibi ya ziyarci wata dattijuwa gwanar alkaki ko nakiya a garinsu, bayan ya nemi izinin mai gida. Ya rubuta kayan haɗi da awonsu, da matakan aikin, da kalmomin sana'ar kamar yadda ta faɗe su, da wanda ta koya daga gare shi. A kawo rahoton cikin shafi uku a mako na gaba.